Ina Son Zama Sista, Inna Ta Ce In Bari Sai Na Binne Ta

Gwaggo, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni budurwa ce mai shekara 27, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a nan Sakkwato. Mu Hausawa ne 'yan Katolika. Asalin iyayena ƙasar Malumfashi, aikin ɗan sanda ya kawo Baba nan, a nan kuma aka haife mu duka. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Ni ce babba. Ƙanena yana aji biyu a jami'a, autarmu tana aji biyar a sakandare, kuma albashina ne ke riƙe da karatunsu da kuɗin haya, don abin da Inna ke samu a tuyar masa bai wuce na cefane ba.

Tun ina 'yar shekara 15 nake jin ina son in zama Sista, in ƙare rayuwata wajen yi wa matalauta hidima. Na danne abin ya ƙi dannuwa. Bara aka kawo mana wata tsohuwa 'yar gudun hijira daga wajen Sabon Birni, ba ta da kowa. Ni na riƙa yi mata wanka ina ba ta abinci a baki, har ta cika a hannuna. Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba.

Ga kuma wani malamin makaranta da ke nemana shekara biyu, mutumin kirki, danginsa har sun kawo gaisuwa, ana maganar sa rana bayan Ista. Ban faɗa masa komai ba. Da na buɗe wa Inna cikina sai ta fashe da kuka, ta ce, "Ki bari sai kin binne ni. Wa za ya riƙe ƙannenki, wa za ya ba ni jika?" Baffa ya ce asarar karatu ce da asarar haihuwa. Ni kuma in na karanta tarihin Mada Teresa sai in ce ai ita ma ta bar uwarta ta tafi. Gwaggo, son kai ne ke damuna, ko kiran Allah nake toshe wa kunne?

Taki, wata 'yarki a Sakkwato.

'Yata, bari in fara da tsohuwar nan ta Sabon Birni. Allah ya jiƙanta, ke kuma ya saka miki da alheri. Na yi aikin jinya har na ajiye shi, na san abin da ake nufi da wanke tsohuwar da ba taki ba, a ɗakin da kowa ke toshe hanci yana wucewa. Amma ki dubi abin da kyau. Ranar da kika durƙusa kina goge mata jiki babu lulluɓin Sista a kanki, ba ki ɗauki alkawari gaban bagade ba, farin kayan aikinki ne a jikinki, kuma ƙarshen wata aka ba ki albashin da ya biya kuɗin makarantar autarku. Wato son matalauta kin riga kin same shi, kina ma aikata shi. Abin da ya rage ki gano shi ne ko an kira ki zuwa irin rayuwar sistoci, wadda hidimar matalauta ɓangare ɗaya ce kawai a cikinta. Kin cuɗa abubuwan nan biyu a wasiƙarki, shi ya sa kanki ya ɗaure.

Da yake da yawa cikin masu bibiyar wannan fili Musulmi ne, ki yi mini haƙuri in ɗan fayyace abin da ke kin sani. Sista mace ce 'yar Katolika da ta shiga ƙungiyar mata masu zama gida ɗaya, ta ɗauki alkawari uku: ba aure, ba mallakar dukiya, sai biyayya ga shugabanninta. Mutanen waje rashin auren ne ke ba su mamaki. Sistocin da na yi aiki da su a wani ƙaramin asibitin mishan lokacin ƙuruciyata kuwa, in hira ta yi daɗi da dare, biyayya suke cewa tana cizo. Akwai wata a cikinsu, ƙwararriyar ungozoma, hannunta kamar don karɓar haihuwa aka yi shi. Aka wayi gari takarda ta zo daga shugabarsu, ta koma wani gari riƙon littafin kuɗi da sayayyar gida. Shekaru ta yi tana lissafin buhunan shinkafa da man janareta. Ba ta yi gardama ba, amma na ga idonta ranar da ta miƙa makullin ɗakin haihuwa. To ki tambayi kanki: in aka ce ki bar majinyata ki koyar da lissafi a firamare, ko ki tsare kicin, ko a tura ki ƙasar da babu mai jin Hausa, har yanzu kina so? In amsar ta fito "ina so, don Shi nake bi," wannan alama ce mai nauyi. In kuwa zuciyarki ta ce "ai ni don marasa lafiya zan shiga," to aikin kike so, kuma aikin yana hannunki tun yanzu.

Alkawarin talauci shi ya fi shafar gidanku kai tsaye. A dokar Ikilisiya, abin da Sista ta samu da guminta, albashi ne ko fansho, na ƙungiyarta ne. Za ki iya ci gaba da jinya sanye da lulluɓi, a biya ki, amma asusun gidan sistoci kuɗin za su shiga, ke kuma a ba ki sabulu da takalmi da kuɗin mota gwargwadon buƙata. Ranar da mai gidan haya ya ƙwanƙwasa ƙofar Inna, ba ki da abin turowa sai wanda shugabarki ta ga ya dace. Wadda ta yi shekaru ta fita ma, doka ba ta ba ta damar neman ladan aikin da ta yi ba, an dai umarci ƙungiyar ta yi mata adalci da jinƙai. Don haka kada ki ɗauki kukan Inna a kan ƙarancin bangaskiya. Lissafi ta yi, kuma lissafinta daidai ne.

Tunda kin kawo Mada Teresa, mu karanta tarihinta har ƙarshe, kada mu tsaya inda ya yi mana daɗi. Gaskiya ne ta bar gida a 1928 tana 'yar shekara 18, ta tafi Ayalan wajen sistocin Loreto, daga can Indiya, kuma ba ta sake sa uwarta a ido ba har uwar ta rasu a Albaniya a 1972. Ita ma mahaifinta ya rasu tana ƙarama. Sai dai ita auta ce cikin uku, ta bar yayarta mace tare da uwar, ga yaya namiji, kuma ba guminta ke ciyar da gidan ba. Ke kuwa ke ce ginshiƙin ɗakin. Sa'an nan hoton da kowa ya sani, na tsohuwa mai farin mayafi da bakin shuɗi tana ɗaukar masu mutuwa a titi, ba da shi ta fara ba. Sama da shekara 15 ta yi a cikin katanga tana koyar da 'yan mata a Kalkata, har ta zama shugabar makarantar. Sai a 1946, a cikin jirgin ƙasa, ta ji abin da ta ce kira ne a cikin kira, kuma ko bayan haka sai da ta jira izini har 1948 kafin ta shiga unguwannin talakawa tana shekara 38. A 1950 aka kafa ƙungiyarta. Ki ƙirga shekarun jiran nan. Bayan rasuwarta a 1997 aka fito da wasiƙun da ta riƙa rubuta wa limaman da ke ba ta shawara, sai duniya ta ga ta yi kusan shekara 50 tana jin kamar Allah ya juya mata baya, addu'a ba ɗanɗano, amma kullum asuba tana tashi ta kama aiki. Daɗin da kike ji yanzu in kin tuna lulluɓi zai iya ɗaukewa kamar ruwan ƙarshen damina, kuma abin da zai riƙe ki bayan ya ɗauke shi ne abin dubawa.

Wani abu kuma, tsakanin ni da ke 'yan sana'a ɗaya. 'Yan watanni kawai ta yi tana koyon jinya a garin Patna kafin ta fara, kuma a 1994 editan wata babbar mujallar likitoci ta Ingila ya ziyarci gidan masu jinyar ajali da ta buɗe, ya yaba tsafta da tausayi, ya soki ƙarancin binciken cuta da rashin maganin kashe zafi mai ƙarfi. Ke kina da ilimin da ya yi ƙaranci a can. Ko me kika zaɓa, kada ki bari lasisin aikinki ya mutu. A nan Baffa bai yi daidai ba, karatunki ba zai zube ba ko a cikin gidan sistoci.

Yanzu Inna. Ta faɗi tsoro biyu, ni ina jin na uku a ƙarƙashinsu. Mace ce da ta baro garinsu ta biyo miji, mijin ya tafi ya bar ta a inda ba nan aka yanke mata cibiya ba, kuma tun ranar ke ce abokiyar shawararta. Tana jin labarai kamar kowa. A watan Mayun 2021, a Malumfashi ƙasarku ta asali, 'yan bindiga suka afka gidan Fada, wato limamin coci, da dare, suka kashe Fada ɗaya suka tafi da ɗaya. Uwa in ta ji 'yarta za ta sa kayan da ake gane ta daga nesa ta shiga ƙauyuka, wannan take tunawa. Ga maganar jika. A wajenmu Hausawa, Musulmi da Kirista, macen da ta isa aure ba ta yi ba tambaya ce a bakin kowa, kuma Inna ce za ta riƙa amsawa a gidan biki, a gidan suna, har a taron Zumuntar Mata, inda ake guɗa in 'yar wata ta zama Sista amma kowace na roƙon kada abin ya faɗo kan tata.

Koyarwar Ikilisiya ba ta ba ɗayanku gaskiya duka ba. Iyaye ba su da ikon tilasta wa ɗa aure ko hana shi amsa kira, kuma ke mai shekara 27 doka ba ta neman sa hannun Inna kafin a karɓe ki. "Ki bari sai kin binne ni" maganar zafin zuciya ce, ba za ki ɗaure rayuwarki da ita ba. Allah ya ja da ran Inna, in ta kai 90 fa? Amma ki buɗe Linjilar Markus sura 7, inda Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun keɓe wa Allah. Tsohuwar dokar Ikilisiya ta 1917 ƙarara ta hana a karɓi wanda iyayensa ke cikin matsananciyar buƙata alhali shi ne mai tallafa musu. Ta 1983 da ake aiki da ita yanzu ba ta maimaita wannan ba, ta dai ce kada a karɓi mai bashin da ba zai iya biya ba, amma shugabar da ta san aikinta sai ta tambaye ki wa kika bari a gida. Ina so ranar da ta yi tambayar ki amsa ba tare da kin sunkuyar da kai ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi a wasiƙar nan shi ne wanda kika ba layi biyu kacal. Malamin nan yana can yana matse albashinsa yana tara kuɗin lefe. Inna ta sani, Baffa ya sani, yanzu ga ni ga masu karatu mun sani, shi kaɗai aka bari a duhu. Wannan bai yi ba, 'yata, kuma shi ne kaɗai abin da zan ce ki yi cikin makon nan. Taura biyu ba ta taunuwa. Ki zauna da shi ido da ido, ban da waya, ban da aiken ƙawa, ki ce masa akwai abin da ke ranki tun kafin ki san shi, bai yi miki laifi ba, babu kuma wani da ya shigo tsakani, amma ba za ki yarda a sa rana ba sai kin warware shi. Zai ji zafi, sai dai bai kai wanda zai ji ba in an riga an raba goro. Daga nan Baffa ya taka da ƙafarsa wajen manyansa, don ta hannun manya gaisuwa ta shigo, ta hannunsu za a ɗage magana, in ma ta kai ga mayar da kaya a mayar cikin mutunci. In ya ce zai jira, ki gode masa ki yanka masa lokaci, kada ya wuce shekara guda, ki kuma sake shi da gaske, in ya ga wata a tsakani ba ki da bakin magana. Ba a ajiye ɗan mutane a gefe don a samu wurin komawa in gidan sistoci bai karɓa ba.

Ki kuma yi wa kanki tambayar da babu mai yi miki. Kin ce mutumin kirki ne, ba ki ce kina son sa ba. Kiran nan ya ƙara ƙarfi ne da aka fara maganar sa rana? Na ga 'yan matan da suka gudu gidan sistoci don tsoron aure ko gajiya da ɗawainiyar gida, na ga waɗanda suka faɗa aure don tsoron kira, kuma ban ga wadda abin ya yi wa daɗi ba. In wannan mutumin ne ba kya so, matsala ce daban, lulluɓi ba zai magance ta ba. Haka rashin sukunin da kika ambata. Kin binne uba, kin ɗauki gida a ka kina shekara 23, kina aikin dare, tsohuwa ta cika a hannunki. Wani lokaci makokin da ba mu samu sararin yi ba shi ke hana mu barci, mu ɗauka murya ce daga sama. Tunda naki ya faro tun kina 15, ba zan ce iyakarsa ke nan ba. Ki dai huta, ki yi barci, ki yi kukan Baba, sa'an nan ki saurara ko muryar tana nan.

Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne gidan nan ba a faɗa masa da gudu, zaure bayan zaure aka gina shi. Da fari ziyara ce da musayar saƙo, kina gidanku kina aikinki. Sai zaman gwaji a cikinsu. Sai horon nobis, wato na sabbin shiga, wanda doka ta ce kada ya gaza wata 12 kada ya wuce shekara biyu, kuma a cikinsa duk ranar da kika ga dama kina iya ɗaukar jakarki, su ma suna iya sallamar ki. Bayan nan alkawarin wucin gadi na shekara uku zuwa shida, ana iya ja har tara, kafin na har abada. Wadda ta shiga ta fito a tsakani ba ta yi saɓo ba, ko da bakin mutane zai bi ta. Ina da ƙawar da ta yi shekara biyu ta dawo, yau jikokinta sun fi nawa yawa, kuma ita ke fara isa gidan duk wanda ciwo ya kayar a unguwarsu.

Gani ya kori ji, kuma ba sai kin je Indiya ba. Sistocin Dominikan daga jihar Kansas ta Amurka sun sauka Gusau a 1956, a 1973 kuma aka kafa ƙungiyar 'yan ƙasa, Sistocin Dominikan na Waliyiya Katarina ta Siyena, masu makarantu da ɗakunan shan magani. Ki tambaya a babban cocin Iyali Mai Tsarki da ke titin Ahmadu Bello a nan Sakkwato a haɗa ki da su, ki nemi hutun aiki, ki je ki kwana biyu, ki tashi lokacin da suke tashi, ki ci abin da suke ci. Sistoci kuma ba iri ɗaya ba ne. Sistocin jinƙai na Sen Binsen, da aka kafa a Faransa a 1633, kowace shekara suke sabunta alkawarinsu. In kin je kada kunya ta hana ki tambaya. Har shekara nawa suke karɓar mace, don ƙungiyoyi da yawa suna da iyaka, kuma wannan amsar ce za ta nuna miki iya sararin jiran da kike da shi. Me suke yi in uwar Sista ta kwanta babu mai jinya? Sau nawa ake zuwa gida? Ki nemi tsohuwar cikinsu ki tambaye ta ranar da ta fi yin da-na-sani da abin da ya hana ta tafiya, ki kuma nemi wadda ta fita ki ji nata. Sa'an nan ki samu mutum ɗaya mai shekaru, Fada ko Sista, wanda ba abokin gidanku ba ne kuma ba ya neman cika ɗakin horonsa, ki riƙa kai masa abin da ke ranki duk wata. Duk wanda ya ce ki ɓoye wa Inna, ko ki ajiye aiki yanzu-yanzu wai Allah ba ya jira, ki ja baya da shi ko wace irin riga ya sa.

In ra'ayina kike so ba kwana-kwana, kada a sa rana bayan Ista, kada kuma ki ɗaure kaya bana. Ƙanenki saura masa shekara biyu ko uku in yajin aiki bai ci wata ba, autarku ta kusa gama sakandare. Nauyi ne mai ranar saukewa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ki zaunar da su biyun ki buɗe musu littafi: ga abin da ke shigowa, ga abin da ke fita, ga shekarar da hannuna zai iya janyewa. Saurayi ɗan aji biyu a jami'a ya isa ya kama sana'a ko ya koyar da yara darasi lokacin hutu. Ki shiga adashi da niyyar ƙara wa Inna jari, injin markaɗe ne ko firjin ƙanƙara da zoɓo, wanda a zafin Sakkwato ba ya kwantai in wuta ta yarda. Ai ko auren kika yi, albashinki ba zai ci gaba da shiga gidan nan dukansa ba, wannan kuma babu wanda ya tuna wa Inna. Baffa kuwa, tunda yana da bakin cewa asara, a gaya masa cikin ladabi cewa 'ya'yan ɗan'uwansa ne, ya ɗauki ko kuɗin rajistar zango ɗaya.

Cikin wannan jiran ki gwada kanki a nan gida. Ga asibitin yara masu cutar noma, mai cinye leɓe da kumatu, da aka buɗe a garin nan a 1999. Ga Amanawa, inda aka daɗe ana kula da masu cutar kuturta. Ga 'yan gudun hijirar gabashin jihar da ke kwana a kangwaye. Ki shiga ƙungiyar Sen Binsen ta cocinku, masu bin gidajen mabuƙata, ki ɗauki gida biyu ko uku ki riƙe su duk mako, har ranar da ba kya jin yi, har ranar da wanda kika kai wa abinci ya zage ki. Ki sa wa kanki lokacin addu'a na asuba da na dare ki ga ko za ki riƙe shi wata shida babu mai sa miki ido.

Mai yiwuwa ki gano hanyarki ta aure ce, kuma ba ki faɗi jarrabawa ba. Ke 'yar Sakkwato ce, kin san Nana Asma'u 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, uwar 'ya'ya, wadda daga ɗakin aurenta ta riƙa naɗa mata jaji, ta ɗora musu malafa, su koma ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu. Ta rasu tun 1864, har yau ana ambaton 'Yan Taru. Addininku ba ɗaya ba, amma garin nan ya san mace mai aure na iya ɗaukar al'umma a ka. Mai yiwuwa kuma ki gano kiran na gaske ne, in haka ne ki tafi ba tare da jin kin ci amanar kowa ba. Sai a 2023 aka samu Bahaushe na farko ya zama Bishop na Katolika, Gerald Mamman Musa na Katsina. Sistar da ta sha Hausa a nono, ta san yadda ake durƙusa wa tsohuwa, ta san abin da mace ke nufi in ta ce "jikin ne ba daɗi," za ta shiga ɗakunan da baƙuwa ba za ta shiga ba.

Inna kuwa, kada ki sake tayar mata da maganar kina tsaye da jakar aiki a kafaɗa. Ki bari sai daren da kike taya ta haɗa ƙullun masa, autarku ta kwanta. Kada ki kawo mata aya, ta fi ki sanin ayoyin. Ki ce mata ba bana ba ne, ba kuma a ɓoye za ki yi ba, ki faɗa mata tsarin da kika yi wa karatun yara da jarinta, sa'an nan ki tambaye ta abin da ta fi tsoro, ki yi shiru har ta gama, ko da ta maimaita maganar binnewa. Zancen jika ki bar shi. Ga ƙanenki ga autarku, ita ma ta sani, lokacin tuna mata ne bai yi ba. In ta ɗan sauko, ki roƙe ta ta raka ki Gusau ta ga gidan da idonta, inda suke kwana da abin da suke ci, ta zauna da uwar wata Sista in an samu. Ku bi motar safe, ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ku hau, kada kuma la'asar ta same ku a kan titi. Ki gaishe mini da ita, ki kuma rubuto mini abin da malamin ya ce.